2.2 Tatsuniya Daga Ɗakin Tsohuwa Zuwa Ajin Makaranta

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa yaro kan sami tarbiyya a wurare uku, wato gida da makarantar allo da dandali. Tatsuniya ta gida ce. Bayan an ci tuwon dare, yara kan taru a ɗakin wata tsohuwa ko amarya domin a yi musu ita. Al'ada ta hana yin tatsuniya da rana, kuma hikimar hakan ita ce kada hira ta hana yara aike da tallafa wa iyaye. A wannan zama ne yaro ke ganin yadda kwaɗayi ke jefa Gizo cikin wahala, da yadda haƙurin 'yar bora ke kai ta ga arziki, alhali rashin kunyar 'yar mowa ya kai ta ga nadama.

Idan aka dubi tarihi, za a ga cewa waɗanda suka fara rubuta tatsuniyoyi da boko ba don yara suka yi ba. A shekarar 1885 J. F. Schön ya wallafa Magana Hausa, inda ya kawo labarai da dama da ya ji daga bakin Dorugu. Daga 1911 zuwa 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku, sannan a 1913 R. S. Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da a yanzu ake kira Gana. Manufar waɗannan ayyuka ita ce 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka su koyi harshen, su kuma fahimci tunanin masu shi.

Bayan samun 'yancin kai sai al'amarin ya sauya. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa jerin Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida domin 'yan makaranta. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara masu yawa suka shiga aji, suka riƙa karanta tatsuniya da rana tsaka a gaban malami. A ɗaya ɓangaren kuma, an buɗe gidan talabijin a Kaduna tun 1962, daga baya finafinan bidiyo na Hausa suka bazu a shekarun 1990, sannan wayar hannu ta biyo baya. Waɗannan duk sun cinye lokacin hirar dare.

Bisa ga wannan, ana iya cewa rubutu ya ceci tatsuniya daga salwanta, amma bai ceci zaman da ake yin ta ba. Tsohuwa ta san halin kowane yaro da ke gabanta, don haka takan zaɓi labarin da ya dace da laifin da wani ya yi a ranar, ta yi masa hannunka-mai-sanda ba tare da ta ambaci sunansa ba. Littafi kuwa bai san mai karanta shi ba. Tasirin wannan giɓi ga tarbiyyar yara shi ne abin da sashe na gaba zai duba.