Wane ne A.C. Jordan, malamin da ya ba harshen Xhosa rayuwarsa?

Yau za mu leƙa ƙasar Afirka ta Kudu, mu ba ku tarihin wani malami da ya yi wa harshen uwarsa hidima har ƙarshen ransa: Archibald Campbell Jordan, wanda aka fi sani da A.C. Jordan.

Harshen Xhosa, wanda masu shi ke kira isiXhosa, shi ne yaren Nelson Mandela, kuma yana cikin harsunan hukuma na ƙasar. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 8 ne suka tashi da shi. Yana da wasu sautuka na ƙyasta harshe, da ake rubutawa da c, q da x, waɗanda ya samo daga maƙwabtansa, mutanen Khoi da San.

An haifi Jordan a 1906 a yankin Tsolo, cikin lardin Gabashin Kap na yanzu. Ya yi karatu a Lovedale, sannan ya samu digiri a Fort Hare a 1934. Ya shafe kusan shekara goma yana koyarwa a garin Kroonstad, inda ya ƙware a harshen Sesotho. A 1946 ya kama aikin koyar da harsunan Afirka a Jami'ar Cape Town, lokacin da da wuya ka ga baƙar fata a kujerar malami a irin wannan jami'a. Digirinsa na dakta ma a kan sautuka da nahawun rubutaccen Xhosa ya yi shi.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne littafin "Ingqumbo Yeminyanya", wato fushin kakanni, wanda ya fito a 1940. Labarin Zwelinzima ne, ɗan sarkin Mpondomise da ya yi boko, ya dawo ya hau gadon ubansa. Matarsa ta kashe macijin da jama'a ke girmamawa, don ta ga ya matso kusa da jaririnta, daga nan gari ya rikice, abin ya ƙare da mutuwa. Jordan bai ɗora laifin a kan ɓangare guda ba. Ya nuna yadda masu boko da masu al'ada suka kasa sauraron juna, har kowa ya yi asara.

To, me ya raba shi da ƙasarsa? A 1961 ya samu tallafin zuwa bincike a Amurka, gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi fasfo. Dole ya fita da takardar da ba ta ba da damar dawowa. Ya fara zama a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Wisconsin da ke Madison, a sashen harsuna da adabin Afirka. A wannan sashe ne Neil Skinner, mai ƙamus na Hausa, ya koyar da harshenmu. A 1966 Jordan ya wallafa littafin koyon Xhosa, ya rasu a Madison a 1968 ba tare da ya sake ganin gida ba.

Bayan rasuwarsa, a 1973, an buga tatsuniyoyin da ya tattara, da kuma nazarinsa kan yadda adabin Xhosa ya taso daga kirari da labaran baka zuwa rubutu. Ɗansa Pallo Jordan ya zama minista bayan faɗuwar mulkin wariya, kuma yau akwai gini mai sunan A.C. Jordan a Jami'ar Cape Town.

Jama'a, harshe ba ya tsira da yawan masu magana kaɗai. Sai an rubuta nahawunsa, an tsara littattafan koyo, an tattara abin da ke bakin tsofaffi tun suna raye. Waɗannan ayyuka uku duk Jordan ya yi su, har a ƙasar da ba tasa ba. Ƴan'uwanmu da ke zaune a waje, ko yaranku na jin tatsuniya da harshen gida?