FARGANA BIYU: KWARI DA GARI

A tsakiyar Asiya, gabas da Samarkand, akwai wani babban kwari da a ke kira Fargana. Tsawonsa wajen mil 190 ne, faɗinsa kuwa wajen mil 45 inda ya fi buɗewa. Duwatsun Tiyan Shan sun tsare shi ta arewa, na Alai sun tsare shi ta kudu, kogin Sir Dariya kuma ya ratsa shi ya fita ta wata ƙuntatacciyar ƙofa a yamma. A cikin wannan kwari, ta wajen kudu, akwai wani gari shi ma sunansa Fargana. To, a nan ne matafiya su ke rikicewa, har da masu ilmi cikinsu.

Ku 'yan makaranta kun saba da ƙasa ta ci sunan birninta, kamar yadda a ke cewa Ƙasar Kano saboda Birnin Kano. Don haka in kun ga Fargana a taswira, sai ku zaci garin ne tushe, kwarin ya ari sunansa. Abin ba haka ya ke ba. Kwarin ne mai suna tun zamanin da, garin kuwa jiya jiya aka yi shi.

Ku dubi tsufan kwarin. Wajen shekara 128 kafin haihuwar Annabi Isa wani manzon Sarkin Sin, sunansa Jang Ciyan, ya iso nan, ya koma gida da labarin ƙasa mai gonaki da inabi da waɗansu dawaki da babu irinsu. Kwaɗayin dawakin nan ya kama Sarkin Sin Wudi, har ya aika da rundunar yaƙi sau biyu, a 104 da 102, ta ƙetare hamada. Ta farko ta sha wuya ta koma hannu banza, ta biyu ce ta kewaye babban birnin ƙasar, ta karɓo dawaki sama da 3,000. Bayan Musulunci ya shiga, kwarin ya fid da manyan malamai. Ahmadu Alfargani, masanin taurari, ya yi aiki a Bagadaza, shi ne kuma ya lura da ginin ma'aunin ruwan Nilu a Masar a 861. Burhanuddini Almarginani, mai littafin fikihu Alhidaya, wanda ya rasu a 1197, da garin Margilan a ke danganta shi. Laƙabin Alfargani ƙasa ya ke nufi, gama a zamaninsa wannan gari na yanzu ko tubali ɗaya ba a aza masa ba.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Babur, wanda aka haifa a Andijan a 1483. Ya gaji sarautar Fargana a 1494 yana yaro, daga baya ya ci Hindu a 1526, ya kafa daular Mugal. A littafin da ya rubuta na labarin rayuwarsa ya lasafta garuruwan ƙasarsa bakwai: Andijan, Osh, Margilan, Isfara, Hujand, Ahsi da Kasan. Ku ƙirga su da kyau. Sarkin Fargana da kansa bai ambaci wani gari mai suna Fargana ba.

To, ina garin ya fito? A 1876 Rasha ta rushe sarautar Kokand, wadda ke mulkin kwarin, ta haɗe ƙasar da daularta. Sababbin masu mulki ba su zauna cikin tsohon birni ba. Suka matsa ƙasa da mil 10 daga Margilan, suka kafa bariki da ofisoshi, suka shata tituna masu faɗi da suka bazu daga sansanin soja kamar yatsun hannu, suka dasa itatuwa a gefensu. Suka sa wa wurin suna Sabuwar Margilan. Daga baya aka sake masa suna Iskobelef, don tunawa da janar ɗin da ya ci ƙasar da yaƙi. Sai a 1924, zamanin mulkin Sobiyet, aka kira shi Fargana. Watau sunansa na uku ke nan, kuma aro ne.

Saboda haka wanda ya karanta labarin Babur, ya ɗaura kayansa ya sauka garin Fargana yana neman tsofaffin ganuwa da fadar sarakuna, zai tarad da gari mai tsabta da inuwa, wurin kwana mai daɗi, amma abin da ya zo nema yana wani wuri dabam. Fadar Hudayar Han tana Kokand, tafiyar fiye da mil 50 yamma. Masaƙan siliki suna Margilan. Garin Babur kuwa, Andijan, yana can gabas. Har jirgin ƙasan da ke tasowa daga Tashkent, wanda tun 2016 ya ke bi ta wani rami mai tsawon mil 12 ƙarƙashin dutsen Kamcik, a tashar Margilan ya ke sauke masu zuwa garin Fargana.

Akwai kuma Fargana ta uku, don kada ku ce ban faɗa muku ba: lardin da garin ya ke shugabanta shi ma sunansa ke nan, alhali Andijan da Namangan, da su ke cikin kwarin sosai, kowanne da lardinsa. In direba ya ce zai kai ka Fargana, sai ka tambaye shi wacce, tun ba ka biya kuɗin mota ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne iyaka. Garin yana cikin Uzbekistan kaɗai, amma kwarin ƙasa uku suka raba shi. Sobiyet ce ta shata iyakokin tun daga 1924, sa'ad da duk ƙasa ɗaya ce, ba wanda ya damu da su. Da daular ta watse a 1991 sai suka zama iyakokin ƙasa da ƙasa, da 'yan kwastan da masu duba fasfo. Cikin garuruwan nan bakwai na Babur, Osh yanzu tana Kirgistan, Hujand da Isfara suna Tajikistan. Mai son ya zaga su duka sai ya riƙe takardun shiga ƙasa uku.