Ƙawancen MMA a Zaɓukan Pakistan

Muttahida Majlis-e-Amal, wadda aka fi sani da MMA, ƙawance ne na jam'iyyun addini shida da suka dunƙule a Pakistan a shekarar 2002. Tushenta shi ne adawar da malaman ƙasar suka yi da harin da Amurka ta kai Afghanistan a 2001, da kuma goyon bayan da gwamnatin Janar Pervez Musharraf ta ba Amurka. Manyan ginshiƙanta su ne Jamaat-e-Islami ta Qazi Hussain Ahmad da JUI-F ta Maulana Fazlur Rehman. Ta tara 'yan Deobandi da Barelwi da Ahlul Hadis da Shi'a a inuwa ɗaya, mutanen da a da ba su cika ga maciji da juna ba, aka kuma naɗa Shah Ahmad Noorani shugabanta na farko.

Kafin wannan lokaci, jam'iyyun addini sun fi ƙarfi a wa'azi da zanga-zanga fiye da a rumfar zaɓe. Zaɓen 10 ga Oktoba, 2002 ya sauya hakan. MMA ta samu kimanin kashi 11 cikin ɗari na ƙuri'u, da kujeru kusan 60 daga cikin 342 na majalisar ƙasa, ta zama ta uku a girma. Ta kafa gwamnati a Lardin Iyakar Arewa Maso Yamma, wanda yau ake kira Khyber Pakhtunkhwa, ƙarƙashin Akram Khan Durrani, sannan ta shiga gwamnatin haɗaka a Balochistan.

Dalilai da dama ne suka haɗu. Pashtun na yankunan iyaka suna cike da fushin yaƙin da ake yi da 'yan'uwansu a Afghanistan. Tsoffin firaministoci Benazir Bhutto da Nawaz Sharif suna gudun hijira. Dokar da ta wajabta wa ɗan takara mallakar digiri ta tsame gogaggun 'yan siyasa da yawa, alhali an amince da shahadar makarantun addini a madadin digiri. Alamar MMA a takardar ƙuri'a kuwa littafi ce, wanda masu zaɓe da yawa suka ɗauka Alƙur'ani ake nufi.

Mulki ne ya tona ɓarakar. A Disamba 2003 MMA ta mara wa gyaran tsarin mulki na 17 baya, wanda ya halatta matakan Musharraf, bisa alkawarin zai tuɓe kakin soja kafin ƙarshen 2004. Bai cika ba, abokan hamayya kuma suka riƙa zargin ƙawancen da haɗa baki da soja. Dokar Hisba da majalisar Lardin Iyakar Arewa Maso Yamma ta zartar a 2005, Kotun Ƙoli ta ce sassanta sun saɓa wa tsarin mulki.

A zaɓen 2008 kai ya rabu. Jamaat-e-Islami ta ƙaurace, JUI-F ta shiga da sunan MMA, ta tashi da kujerun da ba su kai goma ba, jam'iyyar ANP kuma ta karɓe lardin. An farfaɗo da ƙawancen gabanin zaɓen 2018, amma ƙuri'unsa ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, PTI ta Imran Khan ta mamaye Khyber Pakhtunkhwa. Daga nan jam'iyyun suka sake rabuwa, kowace ta shiga zaɓen 2024 da sunanta.