Yadda ake gano maƙeran tsofaffin bindigogi masu murfin wuta

Bindiga mai murfin wuta ita ce wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a kifa ɗan murfin jan ƙarfe a gindin bututunta, da an ja kunama ya fashe ya kunna albarushin. Wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ne ya yi rajistar tushen dabarar a 1807, daga baya ta maye gurbin bindigar ƙyastu.

Sunan da ke jikin bindiga ba lallai ne na maƙerinta ba. Sau da yawa na dillali ne, domin a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, inda bindigogin fatauci masu yawa suka fito zuwa Afirka ta Yamma, mai bututu daban ne, mai ƙota daban.

Shi ya sa masu bincike ke fara duba tambarin gwaji da aka buga a gindin bututu. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liyej ne, kuma an ƙara musu kambi a 1893. Sanduna biyu a gicciye da kambi na Birmingham ne, wadda ta kafa gidan gwajinta a 1813. Bindigogin sojan Faransa kuwa na ɗauke da sunan masana'antarsu, kamar Saint-Étienne ko Tulle.

Goge tsatsa da ƙarfi na shafe waɗannan tambura har abada. Sannan tsohuwar bindiga kan kasance da ɗurinta har yau, don haka masani ya kamata ya fara duba ta.