Shin Da Gaske Akwai Kabewar Da Ta Fi Bijimi Nauyi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya rubuto yana cewa ya ga hoton wata kabewa da sai da aka sa injin ɗaukar kaya kafin a ɗaga ta, wai kuma a lambun bayan gida aka noma ta. Shin gaskiya ne ko dabarar masu hoto ce? In gaskiya ne, yaushe aka fara wannan abu, kuma zai iya shuka irinta?

AMSA: To Malam, gaskiya ne, ba siddabaru a ciki. Aikin zaɓen iri ne da aka shafe sama da shekara ɗari ana yi.

Asalin wannan jinsin kabewa daga Kudancin Amurka yake, amma gasar girmanta a Arewacin Amurka ta yi ƙarfi. A shekarar 1893 wani mutumin garin Goderich na ƙasar Kanada, William Warnock, ya kai kabewa mai kilo kusan 166 babban baje kolin duniya na birnin Chicago. A 1900 ya aika da mai kilo 181 zuwa Paris, a 1904 kuma ya fito da mai kilo 183. Daga nan aka yi shekara saba'in da ɗoriya ba wanda ya wuce shi.

Wanda ya sauya al'amarin shi ne Howard Dill, manomi a garin Windsor na lardin Nova Scotia, a Kanada ɗin dai. Dabararsa irin ta manomanmu ce, masu ware zangarniyar da ta fi kyau su ajiye don iri. Shekara da shekaru yana haɗa manyan kabewa da hannunsa yana adana 'ya'yan wadda ta fi girma, har ya samar da irin da ake kira Atlantic Giant. A 1981 ya kafa tarihi da mai kilo 224. Kusan duk kabewar da ta ci gasa tun daga lokacin jikanyar wannan iri ce.

Daga nan sai abu ya yi ta hauhawa. A 1996 an sami mai kilo 481 a jihar New York. A 2014 wani ɗan ƙasar Suwizalan ya haura tan guda. A 2021 an auna mai kilo 1,226 a Italiya, a 2025 kuma wasu tagwaye a Ingila suka kawo wadda ta wuce kilo 1,270, wato buhun masara mai kilo ɗari guda goma sha biyu har da ƙari.

Yadda ake yi kuwa, ana ba tushe ɗaya fili mai faɗi da taki mai yawa. Ana binne yaɗonta don ya yi sabbin saiwoyi, a tsinke sauran 'ya'yan a bar ɗaya tak, a yi mata rumfa, a riƙa ban ruwa kullum. Lokacin da take ganiyar girma tana iya ƙara kilo 20 a rana guda. In kuwa ta tsage har ciki, an fitar da ita daga gasa ke nan, wahalar wata da watanni ta tafi a banza.

Batun shukawa, kana iya gwadawa, sai dai ka sani ta fi son wurin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba kuma zafi bai tsananta ba. Sannan in don miyan taushe ne, kada ka ɓata kuɗinka, domin yawancinta ruwa ne, ba ta da garɗin kabewarmu ta gida. Abin koyi dai shi ne na Dill: bana ka ajiye 'ya'yan kabewarka da ta fi kyau, baɗi ma haka.

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ka.