3.2 Tarihihin Bayajida a Fagen Siyasa

Tarihihi labari ne na magabata wanda ya cakuɗa tarihi da almara, kuma jama'a suke girmama gwarzon cikinsa. Wannan sashe zai duba yadda ake ɗauko irin wannan gwarzo a kafa hujjar mulki da shi, ta hanyar nazarin Bayajida a ƙasar Daura da maƙwabtanta na Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura.

Kamar yadda aka sani, labarin ya nuna cewa Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno da Gaya, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, sannan ya auri Sarauniya Daurama wadda ta haifa masa Bawo. 'Ya'yan Bawo shida tare da Biram su ne aka ce sun kafa Hausa Bakwai. Shi kuwa Karɓagari, ɗan kuyanga Bagwariya, aka jingina masa Banza Bakwai, irin su Kabi da Zamfara da Yawuri. Idan aka lura, wannan rabo tun asali yana ɗauke da siyasa, domin ya bambanta ɗan matar aure da ɗan kuyanga, ya fifita wasu ƙasashe a kan wasu.

Jihadin farkon ƙarni na 19 ya zo da wata hujjar mulki daban, wato tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Malam Isiyaku ya ci Daura, zuriyar sarakunan Haɓe ta koma Zango da Ɓaure, wadda ke maƙwabtaka da Ɓaɓura. Haka kuma Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819 a kan yankunan da ya yanko daga Daura da Katsina da Kano, kuma Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta. Saboda haka sarautar Kazaure ba ta dogara da zuriyar Bawo ba, alhali sarakunan Zango da Ɓaure sun riƙe wannan zuriya a matsayin shaidar cewa su ne masu Daura. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka mayar da sarautar Daura ga gidan Haɓe ta hannun Malam Musa, labarin ya sake samun mazauni a fada.

Bugu da ƙari, Turawa irin su Palmer (1928) sun so labarin, domin ya yi daidai da ra'ayinsu na cewa baƙar fata bai kafa daula ba sai da wani baƙo ya zo daga gabas. Abdullahi Smith (1970) ya ƙalubalanci wannan ra'ayi, inda ya nuna cewa ƙasashen Hausa sun tsiro ne sannu a hankali daga ƙauyuka zuwa garuruwa zuwa birane. Labarin da kansa ma ya tabbatar da cewa Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da rijiya a Daura.

Abin da ya faru a Indiya ya nuna inda irin wannan lamari kan kai idan ya yi tsamari. Mabiya addinin Hindu suna bauta wa Rama, gwarzon littafin Ramayana, kuma sun yi imani an haife shi a garin Ayodhya, a wurin da aka gina masallacin Babri a ƙarni na 16. A 1990 shugaban jam'iyyar BJP, L. K. Advani, ya yi rangadin neman gina wa Rama ɗakin bauta a wurin. Ranar 6 ga Disamba, 1992, aka rushe masallacin, kimanin mutum 2,000 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya. A 2019 Kotun Ƙoli ta ba da filin don gina ɗakin bautar, aka buɗe shi a Janairun 2024.

Akwai bambanci tsakanin misalan biyu, domin Hausawa ba su bauta wa Bayajida, kuma ba a zubar da jini a kan Kusugu ba. Sai dai hanyar ɗaya ce: a ɗauki labarin da ba a iya tantance shekararsa, a mayar da shi shaidar mallakar ƙasa ko gadon sarauta. Don haka wajibi ne mai nazarin tarihin wannan yanki ya tambayi wane ne ya ba da labarin, a wane zamani, kuma wace sarauta labarin ya ƙarfafa.