Asalin Banjo

Banjo wani abin kiɗa ne mai tsirkiya da ya shahara a Amurka, har mutane da yawa suka ɗauka na Turawa ne. Alhali kuwa uwarsa 'yar Afirka ta Yamma ce, a tsibiran Karebiyan aka yanke masa cibiya.

A ƙasar Kasamans, kudancin Senegal, da Gambiya, akwai wata ƙabila ta manoman shinkafa da ake kira Jola. Suna da abin kiɗa mai suna akonting. Duma suke rabawa biyu, su rufe bakinsa da fatar akuya, su soke shi da doguwar sanda har ta ɓullo ta ɗaya gefen, sannan su ɗaura tsirkiya uku, biyu dogaye, ɗaya gajeriya ta babban yatsa. Wanda ya san gurminmu, da ya gan shi zai gane dangi ne.

Dattawan Jola sun ce a wani ƙauye mai suna Kanjanka aka fara yin sa. Ba na fada ba ne, ba na maroƙa ba, na talakawa ne. Idan rana ta yi sanyi, an taso daga fadama, masu tatsar bammi sun sauko daga itace, sai a zauna a inuwa, wani ya ɗauko akonting, a yi ta waƙar noma da ta jarumai. Amma iyaye sukan gargaɗi samari kada su kaɗa shi a bayan gari da almuru, don aljanu na ɗauke makaɗi, ba a sake ganinsa. A ganina aljanun nan masu satar mutane ne, waɗanda kiɗan ke nuna musu inda samari suke.

Bayin da aka loda a jirgin ruwa zuwa Karebiyan ba su tafi da ko tsinke ba, sai abin da ke cikin kansu. A gandayen rake suka tarar da duma, suka sake ƙera abin gida, suka aro allon wuya da makunnin tsirkiya daga jitar Turawa. Wani likitan Birtaniya, Hans Sloane, ya gan shi a hannun bayi a Jamaika wajen 1688, zanensa ya fito a littafi a 1707. Thomas Jefferson na Amurka ma ya rubuta a 1781 cewa daga Afirka baƙaƙen fata suka zo da shi.

An yi saɓani kan uwar tasa. Wasu sun ce ngoni ce ta maroƙan Mali, mai jikin itace kamar molo. Wasu, irin su Daniel Jatta ɗan Gambiya, sun ce akonting ce. Na fi karkata ga na biyun, domin tsohon banjo da duma ake yin sa, kuma bugunsa iri ɗaya ne: a saukar da bayan farce, babban yatsa ya biyo.

Daga wajajen 1830 Turawa masu shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi suka karɓe shi, masana'antu suka sauya duma da katako da ƙarfe. Abin takaici, da sannu jikokin masu shi suka saki.

Sai dai kowa ya bar gida, gida bai bar shi ba. Har yau gajeriyar tsirkiyar nan ta babban yatsa tana nan a wuyan banjo, inda kakanni suka ɗaura ta.